Kilim Ɗin Motar Baba

Na gaji da motar nan tun kafin a miƙa mini makullinta. Ni tela ne, shagona yana Hanoukopé, abin da na sani almakashi da keken ɗinki. Amma shekarar da ƙirjin Baba ya tashi, ni aka ɗora wa tuƙa shi, don ni ne babba. Tsohuwar motar Faransa ce mai ruwan toka, ya saye ta hannun wani ɗan Labanan tun muna tsohon Zongo, kafin a tashe mu a watso mu can bayan gari. Tana da na'urar sanyi, wadda mu a Zongo muke kira kilim. Sai dai kilim ɗin suna ne kawai. Ka kunna shi ya yi ta huci, iskar da ke fitowa kuwa kamar wani ne ke hura maka koko a cokali.

Shekara da shekaru ba wanda ya damu. Baba falken goro ne, gilashi a sauke yake tafiya, gwiwar hannu a waje, yana gaisawa da duk wanda ya gifta. Da ciwo ya zo, likita ya ce a riƙa kawo shi duk Talata, kuma a tsare shi daga zafi da hayaƙi. Wai zafi da hayaƙi, a Lome! 

Daga sabon Zongo zuwa asibiti tafiya ce. Kuma a zamanin nan hanya ba taka ba ce. Kana cikin tafiya sai ka ga sojoji sun tare, wai Shugaba zai wuce. 'Yan animasiyo su cika bakin titi suna rawa da waƙar yabon jam'iyya, sanye da atamfa mai hotonsa, wadda rabinta ma a shagona aka ɗinka. Ba mai danna hon, ba mai tambayar yaushe za a buɗe. Wata Talata muka yi fiye da awa ɗaya a tsaye bayan wata babbar mota mai amayar da baƙin hayaƙi. Na sauke gilashi, hayaƙi ya shigo. Na ɗaga, motar ta zama tanda. Na waiwaya na ga leɓen Baba ya yi fari, ƙirjinsa yana fito, yana riƙe da wuyan rigarsa. Wallahi ranar na ɗauka a hannuna zai cika. Da aka buɗe hanya na rantse sai kilim ɗin nan ya yi sanyi, ko ni ko shi.

Na fara da wani makaniki a Kodjoviakopé, kusa da bodar Gana. Bai ko buɗe bonet da kyau ba ya ce gas ne ya ƙare. Ya ɗura gas ɗin da ya ce daga Gana aka tsallako da shi, ya ɗora tafin hannu a bakin iska ya ce, "Ka ji? Kamar firij." Ni ban ji firij ba, amma na biya shi, don a gajiye nake. Makaniki na biyu ya ce bel ne ya saki, ya ɗaure shi har ya koma kuka. Na uku ya canza fiyus, ya zagi na biyu, ya kwance rabin gaban motar daga ciki, ya zaro ɓawon goro da tsohon carbi daga bututun iska, ya ce shi ke nan an gama. Ba a gama komai ba.

A ƙofar masallaci kuwa kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce in riƙa rataya jiƙaƙƙen tawul a taga, wancan ya ce motar Turawa ba ta san ranar bakin teku ba. Mutanen da ko keke ba su taɓa mallaka ba! Sati biyar ina rufe shago da rana, ɗinkin mutane ya taru, mata suna zuwa suna zazzaga mini masifa. Kowace Talata kuma in ɗauki Baba gabana na faɗuwa.

A ƙarshe wani direban tasi ya tura ni Adidogomé wurin wani dattijo, Ewe ne, kowa Efo yake ce masa, wato yaya a harshensu. Garejinsa gindin mangwaro ne kawai da akwatin ƙarafa. Yana jin Hausar kasuwa, in ta ƙare masa ya cike da Faransanci. Shi kaɗai ne ya tambaye ni wani abu kafin ya taɓa motar.

"Tela, yaushe yake ɗan yin sanyi?"

"In ina gudu, kaɗan-kaɗan. Da na tsaya sai ya mutu."

"Allurar zafin inji fa, in ka tsaya?"

"Tana hawa. Shi ya sa Baba ba ya rabo da jarkar ruwa."

Ya gyaɗa kai. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a duk mahaɗar bututu, ya tsuguna yana jiran kumfa ta nuna inda gas ke zurara. Ba ta nuna ba. Ya kunna kilim ya kasa kunne, ya ce kwamfireso yana kamawa lafiya. Sannan ya ce, "Motarka ba ta shan iska ta gaba. Akwai ƙaramin lagireto a gaban babban, shi ke fitar da zafin kilim. In iska ba ta ratsa shi, ko gas ɗin duniya ka ɗura, banza ne."

Ya kwance ragar gaban motar, abin da ba wanda ya yi tunanin yi. Sai na ga ya ja da baya ya goge hannu a wando.

"Tela, zo ka ga kayanku. Ni ba na taɓa irin wannan."

Laya ce. Ba ƙaramar da ake ratayawa a wuya ba, babba ce, faɗinta ya kai allon karatu, an ɗaure ta da waya ta kusurwa huɗu a jikin ƙaramin lagireton, ta rufe kusan rabinsa. Ruwan damina ya kumbura fatar, bayanta kuwa gashin kaji da busasshen ganye da laka sun toshe sauran. Na kwance wayar ina tsaki, ina cewa wane mara hankali ne ya yi wannan. Da na kankare dattin sai na ga a ƙarƙashin fatar da ta yage akwai ƙyalle, shuɗiyar atamfa mai zanen ganye. Na san zanin, na kuma san ɗinkin. Inna ce kaɗai ke yin irin wannan ƙananan taki da allura, tana komawa baya sau biyu a kowace kusurwa. A hannunta na koyi riƙon allura.

Na zauna a kan tsohuwar taya. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Shekara tara baya kuma Baba ya yi hatsari da motar nan a hanyar arewa, ya dawo da karyayyen haƙarƙari. Lokacin ke nan ta je wurin malami a ɓoye, ta sa wani ya ɗaura mata. Dole a ɓoye, don Baba ba ya shiri da laya ko kaɗan. Muna yara in ya ga kaka ta rataya mana, da aska yake tsinkewa, ya ce Allah ba ya buƙatar ɗan aike na fata.

Efo ya wanke lagireton da ruwa da buroshi, ya mayar da raga, ya kunna. Sanyi ya fito har sai da tsikar jikina ta tashi. Maimakon in yi murna, kuka ne ya zo mini. Na juya na ba dattijon baya.

Da na isa gida Baba yana kan tabarma a zaure. Na durƙusa na ajiye layar a gabansa, na faɗa masa inda aka same ta. Na yi zaton faɗa zai yi, ya ce a ƙone. Ya ɗauka ya daɗe yana shafa ƙyallen da babban yatsa.

"Mayar da ita inda ka ciro ta," ya ce.

"Baba, ita ce fa ke hana sanyi. Likita ya ce..."

"Na ji abin da likita ya ce. Mayar."

"To in ɗaura ta a ƙarƙashin ƙarfen gaba, ai duk gaban mota ne."

"Inda innarku ta ce a sa, nan za ka sa. In ba haka ba, ba na shiga motar."

Haba! Raina ya ɓaci. Mutumin da ya tsinke mana layu da aska, yau shi ne zai zaɓi laya a kan numfashinsa. Sati biyar na wahala, ga shi an gano, an gyara, wai in mayar da hannuna in lalata. Amma ba a musu da Baba. Na ce to, na tashi.

Ban mayar ba. Na naɗe ta a leda na ɗaure ta a ƙarƙashin ƙarfen gaba, na zo na ce masa an yi yadda ya ce. Daga nan na shiga wata sabuwar wahala wadda ta fi ta farko ban haushi. Kilim lafiyayye a hannuna, amma dole in riƙa kunna shi a mafi ƙanƙanta, in karkatar da bakin iskar, in kashe in sake kunnawa, don kada sanyi ya tona mini asiri. Ina tuƙi ina satar kallonsa a madubi, ina auna iska kamar mai ba jinjiri magani. Talata uku muka yi haka, kuma Allah ya taimake ni ba a tare hanya ba.

Ta huɗun aka tare. Rana ta take tsaka, ganguna suna tashi, layin motoci har inda ido ya ƙare. Minti ashirin, talatin. Na ji fiton ya fara a bayana, siriri, sannan ya yi ƙarfi. A madubi na ga ya jingina kai, baki a buɗe, gumi yana bin gemunsa. Hannuna yana kan maɓallin kilim. Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ya kama ni ba, kuma tsoron fuskarsa nake ji har a shekarun nan nawa. Na ce a raina, ya tsine mini ma in ya ga dama, muddin yana da numfashin da zai tsine. Na murɗa har ƙarshe.

Sanyi ya cika motar. Ban waiwaya ba. Na ji fiton yana lafawa sannu a hankali, har ya koma numfashi irin na mutane. Ganguna na ta tashi a waje.

"Layar tana ina?" ya ce.

"Ƙarƙashin ƙarfen gaba, Baba."

"A gaba dai?"

"A gaba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. Ka yafe mini."

 Da na ɗaga ido na duba madubi, sai na ga hawaye ne ke bin inda gumi ya bi.

"Kai wata ɗaya ka kasa riƙe taka ƙaryar," ya ce. "Innarku shekara bakwai tana raka ni bakin motar nan, ina ce mata laya aikin banza ce, tana cewa gaskiya ne, Malam, Allah ya kiyaye hanya."

Ya ja bakin rawaninsa ya goge fuska.

"Bar kilim ɗin a kunne."