Ruwan Soda a Butar Surukina

Shekarar da garin wanki ya yi tsadar da sai mutum ya tsaya ya yi shawara kafin ya wanke zane, na koyi haɗa sabulun ruwa wurin wata ƙanwar mahaifiyata a Wurno. Ni ba mai haƙuri ba ce wajen koyo. Ta ce a jiƙa soda, mai ƙona fata, a robar da ba a ci a ciki, a bar ta ta kwana kafin a haɗa da sauran kayan, kuma in ta taɓa jiki a yi ta kwarara ruwa. Ta ƙara da cewa a rufe, a ɗaure, a kai inda hannu ba ya kaiwa. Na riƙe na farkon duka, na ƙarshen kuwa na bar shi a motar Wurno.

Da na dawo gida Kwargaba na jiƙa tawa a bokiti, har na ƙara awo don kumfa ya yi yawa, wai ni mai wayo. Na ajiye gefen randa. Washegari ta narke ta kwanta garau, ba launi ba wari, ba mai bambanta ta da ruwan rijiya.

A gidan muna tare da mahaifin mijina, dattijo mai yana a ido ɗaya, wanda bai yarda ya tsufa ba. Lokacin dashen albasa ne, kullum da hantsi yakan cika butarsa ya tafi fadama, can yake sallar azahar. Shekara huɗu ina gidan ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In zan gaishe shi sai na durƙusa daga nesa, in kuwa magana ce sai ta bi ta bakin ɗansa. Haka aka rene mu, kuma ina alfahari da hakan.

Ranar mijina ya tafi kasuwar Goronyo. Rana ta take tsaka na ɗauko muciya zan fara haɗi, sai na ga ruwan bokitin ya ragu da kamar taki ɗaya. Na leƙa randa, ƙaf, ni da kaina na ƙarar da ruwan wajen wanke-wanke. Na dubi ƙusar da Baba yake rataye butarsa, babu buta. Ga moɗa a ƙasa kusa da bokitin, a jiƙe.

Ruwan sodar ya cika butar da shi. Alwala ce: hannu, sannan baki, sannan hanci, sannan fuska. Ido ɗaya ne ya rage masa.

Na fizgi hijabi na fita ba takalmi. Matan unguwa suna tambayata lafiya, ban tsaya ba. Ina tsakiyar gonakin gero da aka girbe, kututture na sukar ƙafata, na ji ladan ya ɗaga murya daga cikin gari. Ban taɓa jin tsoron kiran salla ba sai ranar.

Na hango shi ƙarƙashin mangwaro a bakin fadama, ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, buta a gabansa. Tsakaninmu bai fi a yi kira a ji ba. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Wannan ne abin da har yau nake jin haushin kaina a kai. Ba gajiya ba ce, kunya ce. Ta yaya zan ƙwala wa surukina kira a gaban manoma? Na ci gaba da gudu ina fatan in isa in faɗa a hankali, ina kallo ya karkata buta ya zuba a hannu, ya cuɗa, ya sake zubawa. Sai da na ga ya tara tafin hannu zai kai baki, sannan abin ya ɓalle.

"Baba! Kak ka sha! Zubar!"

Duk fadamar ta waiwayo. Ya tsaya da ruwan a hannu, yana neman inda muryar ta fito. Na iso na buge hannun, na shure butar.

"Ke ɗiyata, mi ya hwaru?" in ji shi. "Ni dai na ji ruwan ga shina santsi."

Na kama wuyan hannunsa na ja shi zuwa inda injin ban-ruwa yake zuba, na danna hannayen cikin ruwan na riƙe. Duk tsagar da aikin gona ya yi masa ta yi ja, fatar tsakanin yatsu ta fara yin fari. Yana cije baki, ni ina kuka ina faɗin abin da na yi. Mun daɗe a haka, hannun da ban taɓa ko miƙa wa kwano kai tsaye ba yana cikin nawa.

Hannayen sun saɓule. Mako biyu yana taimama, kuma sai da aka ɗauki 'yan ƙodago suka ƙarasa dashen. Da ɗansa ya dawo da yamma ya tambaya da zafi, ina bayan ƙofa ina jiran hukuncina, na ji Baba ya ce, "Ni na ɗibi abin da ban tambaya ba. Ita ta tsare man ido. Bar zancen ga nan."

Sabulun na haɗa shi daga baya, ya yi kumfa kuwa, kuma har yanzu ina yi, a ɗaki mai kwaɗo. Baba bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Sai dai tun daga ranar, ko ni na cika masa buta daga randa, yakan zuba kaɗan a hannu ya murza tsakanin yatsu biyu kafin ya yi bisimilla. Yakan juya baya don kada in gani, ni kuwa kullum ina gani.