Ranar da Liman Ya Nemi Isnadin Jita-jita

Cikin shekarun da na yi ina na'ibin liman a masallacinmu na Fagge, akwai wata Alhamis da har yau ba ta bar zuciyata ba. Na'ibi shi ke jan salla idan liman ba ya nan, a wurinmu kuma shi ke tsara huɗuba, liman ya duba ya hau mumbari. Limamin, Malam Habibu, a zaurena ya yi karatun hadisi. Aka tsallake ni aka naɗa shi, wai ya fi ni sanin zamani.

A makon nan magana ta game unguwa cewa wani mai kemis a Sabon Gari, ba Bahaushe ba, shi ke sayar wa yaranmu maganin tari suna buguwa. Matasa suka ƙudurta ana sallame Juma'a za su ƙone shagonsa. Na tsara huɗuba mai zafi a kan masu ɓata tarbiyya, na kai wa liman bayan la'asar.

Ya karanta, ya ce, "Allah gafarta Malam, Larabcin nan sai kai. Amma wa ya ruwaito mana labarin?"

Na ce, "Duk gari."

Ya ce, "Ai kai ka koya mana cewa duk gari ba maruwaici ba ne."

Sai ya sa aka bi maganar yadda muke bin isnadin hadisi: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa. Ni daga ladan na ji, ladan ya ji a wurin wani tela, telan ya ji daga ƙaninsa a Kantin Kwari, ƙanin kuma daga wani da ya yi rigima da mai kemis ɗin a kan wurin ajiye babur. Babu wanda ya gani da idonsa.

Ranar Juma'a ya ajiye huɗubata. Ya jero wa jama'a yadda labarin ya taho, bai ambaci sunan kowa ba, ya ce da hadisi ne da mun yar da shi. Sannan ya ce, "Amma buguwar yaranmu ba ta bukatar maruwaici, ga kwalabe nan a kwatocinmu. Wanda ya san inda ɗansa ke zama bayan magariba, shi ya fara tashi zuwa Sabon Gari."

Aka sallame, ba wanda ya nufi can. Alhazai suka yanyame shi suna sa albarka. Wani ya juyo ya ce mini, "Malam, kun yi dacen liman." Na ce, "Alhamdu lillahi." Da makamina ya yi yaƙin, yabon kuma ya tafi gare shi.

Ku masu tasowa, ku riƙe wannan: mai hawa mumbari ya auna labari kafin ya auna lafazi, domin abin da ya furta ana sallamewa yake zama aiki a titi. Huɗubar nan tawa da ya ajiye tana cikin gafakata har gobe. Nakan ɗauko ta in duba. Wallahi na fi shi Larabci.