Filtar da Ta Tace Mini Suruki

"Abban Hanifa, me Baba ya yi maka?" Uwargida ce tsaye a kaina da waya a hannu, ina gaban rediyona.

Ni a Gashuwa, surukina a Nguru, kullum da tit-tit ɗin Mos, wato saƙon da ake bugawa da ƙwanƙwasa ta rediyo, muke gaisawa. Jiya na sa wa rediyona sabuwar filta, wato matatar sauti, mai matsewa sosai don ta rage hayaniya. Ashe tsohon rediyon Baba yakan ɗan kauce daga layi.

"Wai tun safe yake maka sallama, ka yi banza da shi."

Na buɗe filtar. Ga Baba nan yana ta bugawa a fusace!

Yanzu haka ina motar Nguru da bandar kifi ta ban haƙuri. Jama'a, ta yaya zan gaya wa dattijo cewa na tace shi tare da hayaniya?