Idon Daman Tafi-Sannu

A ma'aikatar ruwa ba a san shi da wani suna ba sai Tafi-Sannu. Shi ne direban doguwar bas ɗin da ke kwaso ma'aikata da safe ta mayar da su da yamma, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba. Mutum ne da idan ka ce masa ka makara, sai ya tambaye ka lafiyar iyali. Samarin ofis sukan ce ko mai keke ya fi shi sauri, shi kuwa ya yi murmushi ya ce sannu ba ta hana zuwa. Tun yana saurayi yake riƙe da sitiyari. Ya ja tankar ruwa, ya ja motar injiniyoyi, har furfura ta same shi a kan bas, kuma bai taɓa goge ko fentin motar wani ba. Wannan ita ce taƙamarsa, ba shi da wata. Da tuƙi ya rufa ɗakunansa, da tuƙi ya aurar da 'ya'ya, kuma saura 'yan shekaru ya ajiye makulli da cikakken haƙƙinsa.

Abin da ma'aikata ba su sani ba shi ne idonsa na dama ya daɗe da fara mutuwa. Ba da zafi ya zo ba, ba da hawaye ba. Daga gefe ya faro, yana cin gani kaɗan-kaɗan, ya bar masa tsakiya tar. Matarsa ce ta fara lura, ganin kullum sai ya bugi kafaɗarsa da ƙofar ɗaki. Da farko tsokanarsa take yi, tana tambaya ko ƙofar ce ta matso. Ranar da ta miƙa masa ruwa ta gefen dama ya bar hannunta a sama yana ta zance, ranar ta daina dariya, ta tasa shi gaba zuwa asibitin ido da ke can ƙarshen gari.

Likitar da ta duba shi ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, amma akwai maganin ɗigawa da zai riƙe abin da ya rage muddin bai yi fashi ba. Ta kuma ce da ita ce shi, da ta fara tunanin barin tuƙi. Tafi-Sannu ya ce to, irin to ɗin dattijon da ya riga ya yanke shawara. Ya karɓi magani, ya koyi juya kai gaba ɗaya a kowace mararraba, mutane kuwa suka ƙara yabon natsuwarsa.

A lokacin inshora ma'aikatar take biya wa ma'aikatanta, ita kuwa inshora ba ta san fuskar kowa ba. Ka zaɓi asibitinka, ka nuna kati, kamfani ya biya daga nesa, shi ke nan. Kamfanin ba ya duba ka, ba ya gaishe ka, bai san kai direba ne ko mai shara ba. Abin da likita ta gani yana tsayawa tsakaninku, don ba ta san ko hanyar ma'aikatarku ba. A cikin wannan inuwa Tafi-Sannu ya fake, kuma da an bar shi da haka zai lallaɓa har ritaya.

Sai wata safiya aka tara ma'aikata a rumfar ajiye motoci. Jami'ar jin daɗin ma'aikata, wadda kowa ke kira Anti Walwala, ta sanar cewa an rabu da inshora, an ƙulla da wani kamfanin kula da lafiya. Ta yi bayanin bambancin da fara'arta: wancan biya kawai yake yi, wannan kuwa shi ne mai likita, shi ne mai magani. Zai buɗe ɗakin shan magani a nan cikin harabar, ba sauran bin layi a asibiti, ba sauran neman izinin fita. Idan ciwo ya fi ƙarfinsa, shi zai tura ka inda ya ga ya dace. Aka yi tafi sosai, don ma'aikacin gwamnati ko me aka kawo masa kusa da kujerarsa maraba yake da shi.

Tafi-Sannu, wanda ba a taɓa jin muryarsa a taro ba, ya ɗaga hannu.

"Anti, shi wannan likitan, na wa ne?"

"Namu ne mana, Baba," ta ce tana dariya. "Ma'aikata ce ta ɗauko shi."

Ta ƙara da cewa direbobi da masu aiki a kan injina za a riƙa gwada su duk shekara. Kada kowa ya ji tsoro, in ji ta, ba za a faɗa wa shugabanni ciwon mutum ba, abin da kawai za a faɗa shi ne ya dace da aikinsa ko bai dace ba. Tafi-Sannu ya koma ya jingina da tayar bas. Ya san wannan kaɗai ya isa ya raba shi da makulli.

Kafin wata ya ƙare tsohon kati ya daina aiki. Aka share tsohon sito, aka shafa masa farin fenti, aka sa labule da gadon gwaji. Tagar ɗakin kuwa, kamar da gangan, tana kallon daidai inda yake ajiye bas. Likitan matashi ne mai ladabi, ba shi da mugun nufi ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi tayar wa Tafi-Sannu da hankali. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Baba, an iso lafiya?" Shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri.

Maganin ɗigawa ya fara ƙarewa. Yanzu hanyar samunsa ɗaya ce, ta wannan farin ɗaki, kuma duk wanda ya nemi maganin ya faɗi ciwon. Idan ya yi magana makulli ya tafi, idan ya yi shiru ido ya tafi. Gaba kura, baya sayaki. Ya saya a kemis da aljihunsa sau ɗaya, ya gane abin ba na mai albashinsa ba ne. Sai ya shiga ja wa kwalbar rai, yau ya ɗiga gobe ya tsallake, har ta kai yana matsa ta ba abin da ke fitowa.

Nan ya yi wata dabara da shi kansa ya ji kunyarta. Tunda iyalan ma'aikata ma suna da damar ganin likitan, ya koya wa matarsa abin da za ta ce, ya tura ta ta yi kukan nata idon. Baiwar Allah ta je ta zayyana komai, har da bugun ƙofa. Likita ya haska mata fitila, ya ce idonta lafiya lau sai gajiyar shekaru, ya haɗo ta da tabarau na zura zare a allura. Ta dawo ta ajiye masa a kan gwiwa, ta ce ga abin da ƙaryarsa ta haifa, kuma kada ya sake aikenta. Ya so ya yi dariya, amma a 'yan kwanakin nan ya lura idon hagu ma ya fara irin halin ɗan'uwansa.

Gwajin direbobi ya zo. Aka fara da Dogo mai tanka, aka ce kunnensa ya yi nauyi, aka mayar da shi gadin ƙofa. Direban ƙaramar bas da ke kai 'ya'yan ma'aikata makaranta kuwa hannunsa ne ke rawa, aka ce ya je gida ya huta, hutun da kowa ya san ba a dawowa.

Ranar da aka zo kansa Tafi-Sannu ya wanke bas ciki da waje, ya kwashe 'yan tarkacensa daga aljihun mota ya zuba a leda. Tsoro yake ji, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani sauƙi da bai zata ba. Ya gaji. Ya gaji da juya wuya, ya gaji da faɗuwar gaba duk lokacin da babur ya ɓullo masa daga inda babu komai. Idan an kama shi, to ba shi ya ajiye makulli ba, karɓewa aka yi, kuma wannan yana iya ɗauka.

Likita ya auna jininsa, ya saurari ƙirjinsa, sannan ya tsayar da shi gaban allon haruffa ya ce ya rufe ido ɗaya. Allon kuwa yana tsakiya, daidai inda ciwon bai taɓa ba. Tafi-Sannu ya hango shi kamar mai leƙe ta cikin bututu, ya karanta tun daga sama har layin ƙarshe, bai yi ƙarya ko ta harafi ɗaya ba. Akwai mutane a waje suna jira, likita bai gwada ganinsa na gefe ba. Ya ce ai idon Baba ya fi nasa. Yana cikin rubutu ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba:

"Akwai wani abin da ke damunka, Baba? Ko wani magani da kake amfani da shi?"

Fanka tana juyawa a sama. Ta taga Tafi-Sannu yana ganin gaban bas ɗinsa, wankakkiya tana ƙyalli. Ya buɗe baki, ya ji abin da ya fito.

"Babu."

Washegari shugaban direbobi ya kira shi da albishir. Tunda likita ya wanke shi, kuma ba wanda ya kai shi natsuwa, an ba shi motar yara. Ya ce wannan amana ce da ba a ba kowa, har ya riƙe masa hannu yana taya shi murna. Labari ya bazu, iyaye mata na ofis suka yi ta sa albarka.

Cikin yaran akwai jikarsa, 'yar ɗansa mai karanta mita a ma'aikatar, wadda take zaune a wurinsu. Safiyar farko yarinyar ta shirya tun kafin kowa, tana tsalle tana cewa ita ce a gaba kusa da Kaka. Matarsa ta durƙusa tana ɗaure mata takalmi, ba ta dube shi ba.

"Ni zan kai ta. Da ƙafa za mu je."

"Makarantar da nisa," ya ce.

"Na sani. Ba za ta shiga motarka ba."

"To me zan ce wa ubanta?"

"Abin da ka ce wa likita."

Ta ja hannun yarinyar suka fita, yarinyar tana kuka tana waiwayensa. Bai hana ba. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne daɗin da ya ji da aka tafi da ita.

A tsayawar farko iyaye sun riga sun taru a bakin titi, ta gefen ƙofa, gefen dama. Wata ta ɗago ƙaramin ɗanta ta ɗora shi a matakala, ta ce tunda Baba ne yanzu hankalinta ya kwanta. Yara suka yi ta shigowa, wasu suna zagaye motar da gudu, yana jin tafin hannuwansu a jikin ƙarfe, yana jin muryoyi a ƙasa kusa da taya. Ya juya kansa gaba ɗaya, ya ga fuska ɗaya, ya ƙara juyawa, ya ga wata. Abin da ke tsakaninsu bai gani ba.

"Kowa ya shiga?" ya tambaya.

Yaran suka haɗa baki suka ce e. Ya rufe ƙofa, ya saki birki.