Baba Mai Dutse Ya Ajiye Sifana

Kafin kowa ya kunna inji a masana'antar, Baba Mai Dutse ya riga ya iso. Zai rataye rigarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya nufi bencin ƙarƙashin taga, inda injin washi yake kafe da duwatsunsa biyu, ɗaya mai kaushi, ɗaya mai laushi. Zai juya kowanne da hannu yana duban gefensa, ya gwada tazarar da ke tsakanin dutsen da ɗan ƙarfen da ake ɗora aiki a kai. In ta buɗe, ya matso da shi ya ɗaure. Sai ya gama wannan yake amsa gaisuwa da kyau. Haka yake yi tun gashinsa yana baƙi.

Wanda bai san aikin ba zai raina shi. Amma dutsen nan gudu yake yi kamar zai tashi sama, kuma in akwai tsaga a cikinsa, ba ya sallama kafin ya tarwatse, fuskar mutum kuwa tana daf da shi. Shi ya sa duk sabon dutse sai ya bi ta hannun Baba. Zai zura yatsa a ramin tsakiyarsa, ya ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa da ƙotar katako, ya kasa kunne. Lafiyayyen dutse garau yake amsawa kamar ƙararrawa; mai tsaga kuwa sai dai ya yi dum. In ya gamsu, ya sa takarda mai kauri a kowane gefe, ya ɗora faifan ƙarfe, ya ɗaure noti da sifana.

"Kada ku matse shi kamar kun kama ɓarawo," yake ce wa ma'aikata. "Ku dai riƙe shi."

Sannan ya mayar da murfin injin, ya kori kowa daga gaban injin, shi ma ya koma gefe, ya bar dutsen ya yi gudu shi kaɗai. In yana rawa, ya ɗauko ƙarfen gyara ya bi fuskarsa har sai karkarwar benci ta kwanta.

Bai taɓa faɗin dalilin wannan tsantseni ba. Matarsa ce ta faɗa, wata rana da ta kawo masa abinci. Yayansa maƙeri ne, dutse ya taɓa fashe masa a fuska, kuma Baba ne ya danne masa ido da riga har asibiti. Idon bai dawo ba. "Tun daga nan," in ji ta, "ko faranti na sayo sai Malam ya ƙwanƙwasa."

Dogo mai walda, magidanci mai saurin fushi, yana da nasa labarin. Wata rana aiki ya matsa masa, ya riƙa danna ƙarfe a gefen dutse maimakon fuskarsa. Baba ya je bango ya kashe wuta.

"Haba Baba! Mai aiki yana jirana a waje!"

"Iyalinka ma suna jiranka a gida. Kawo hannunka."

Ya kama yatsan Dogo ya bi da shi cikin kwarmin da ya ci a gefen dutsen. Dogo ya fizge hannu, ya yi kwanaki ba ya gaishe shi. Yau shi ne in an ambaci Baba yake sunkuyar da kai.

A bana aka kawo wani sabon dutse. Baba ya ɗaga ya ƙwanƙwasa, ya sake, ya juyo da ɗaya kunnen, ya sake. Sai ya kira Dogo.

"Me ka ji?"

"Garau, Baba."

"To, ni shuu kawai nake ji."

Ƙarar injuna ta shekaru ta cinye kunnen. Da ya yi shiru, babu wanda zai gane, don hannunsa bai yi rawa ba, idonsa ma ras. Ga autarsa tana tsakiyar karatu. Matarsa ta roƙe shi har da hawaye ya daure yarinyar ta gama. Ya saurare ta, bai musa mata ba, amma da safe ya wuce ofishin mai masana'anta.

"Ranka ya daɗe, kunnena ya gaji. Ba zan ce wa mutum ya tsaya gaban dutsen da ban ji muryarsa ba."

Mai masana'anta ya ce ya zauna ko da ido ya riƙa sa musu. Baba ya yarda da zama na ɗan lokaci kawai, har Dogo ya iya. Ya tattaro fasassun duwatsu da lafiyayyu, ya sa Dogo ya juya baya, shi kuma yana ƙwanƙwasa masa su, har Dogo ya daina kuskure. Makon jiya ya miƙa masa sifana.

Kai ne, Baba, wanda aikinsa ba ya ganuwa sai ranar da ba a yi shi ba, kuma ba ka bari ranar nan ta zo mana ba. Babu hotonka a bango. Amma akwai mutanen da suka tsufa a bencin nan da yatsunsu cif, suna ganin jikokinsu da ido biyu. Mai tsare fuskar mutane, ka san lokacin kama aiki, ka kuma san lokacin sakinsa, wanda ya fi wuya.

Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa wa autarka albarka a karatunta, ya bar maka sauran jin da ya rage. Ku kuma masu riƙe da ran wasu a hannu, direba ne ko mai haɗa wuta ko mai ba da magani, ku duba mutumin nan. Ranar da kuka ji abin da kuke dogaro da shi ya fara gazawa, ku faɗa da bakinku tun kowa yana da lafiyarsa.