Gurbi na biyu a kwamfutar Mustafa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talatar da ta gabata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Allah Ya karɓi ran ɗana na fari, Mustafa, bayan jinyar kwana shida. An yi masa sutura a nan Yelwa kafin magariba. Shekararsa ashirin da tara.

Ban taɓa kiransa da wannan suna ba. Ɗan fari ne, kuma an rene ni a gidan da uba ba ya zama hira da ɗan fari. Duk karatun da na yi bai cire mini wannan kunyar ba. Saƙona gare shi da nasa gare ni, ta bakin Inna, mahaifiyata, suke bi.

Bara ya sayo babban faifan kwamfuta na gwanjo, wanda suke kira madabod, irin na manyan ma'aikatu, mai gurbi biyu na furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Ya ce sabo ya fi ƙarfinsa, wannan kuwa tsufa kawai ya yi. Da furosesa ɗaya ya zo. A haka ya haɗa shi a ɗakin zaure, yana tace muryoyi da hotunan tsofaffin masunta na Warra da Shanga, waɗanda ruwan Kainji ya cinye tsibiransu, don kada labarinsu ya bi su kabari.

Inna ta ce maigidanta ya kawo mata injin niƙa mai ƙara, amma ko tsaba ɗaya bai taɓa niƙawa ba. Ya yi dariya, ya ce mata da zai samu furosesa na biyu, aikin wuni guda zai ƙare kafin azahar.

Ina kan tabarma da littafi a hannu. Na ji.

Abin da ya kamata shi ne in tambaye shi lambar furosesan da ke ciki. Taku goma ne tsakaninmu. Ban iya ba. Na aiki wani ɗan kasuwa mai zuwa Legas, na ce ya samo mini mafi kyau. Da ya iso na ba Inna ta miƙa masa.

Amsar da ta kawo mini ita ce: "Inna, ki ce ma Baba ya iso hannuna, kuma na gode ƙwarai."

Wata bakwai ina jin ƙarar na'urar nan daga ɗakina, ina jin daɗi a ɓoye, ina cewa da hannuna a ciki.

Yau da safe abokin aikinsa, Malam Nasiru, ya zo duba ta. Ya buɗe murfin, ya nuna mini gurbi na biyu. Babu komai a ciki. Ya bayyana mini cewa dole furosesa biyun su zama iri ɗaya, lamba ɗaya. Wanda na saya kuwa, duk kyansa, ba ya ma shiga gurbin. Mun same shi a akwatin takardun shaidar karatun ɗan nawa, naɗe cikin farin ƙyalle.

Malam Nasiru ya ce ya sha ba shi shawarar ya musanya shi, ya ƙi. Ya ce masa kayan Baba ba na musanya ba ne.

Yaron nan bai yi mini ƙarya ba. Ya ce ya iso, kuma ya iso.

A asibiti, ranar Litinin, na zauna kusa da shi. Ya buɗe ido ya ce, "Baba, an ci abinci?" Na ce na ci. Iyakar hirarmu ke nan.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba Inna da mahaifiyarsa haƙuri. Wanda ya karanta, ina roƙon ya sa shi a addu'a.

Muryoyin dattawan Shanga ba a gama tace su ba. Malam Nasiru ya rubuta mini lambar furosesan da ya dace a takarda, tana aljihuna. Ban sayo ba tukuna.