Bututun da Ba Ya Cikin Taswira

A kamfanin ruwa, in kana neman ainihin sunansa sai an buɗe fayil. Kowa Baba Kunne yake ce masa, har matarsa in tana jin tsokana. Ya shigo aikin yana saurayi, lebura mai diga da shebur, ya haƙa rami har tafin hannunsa ya yi kanta. Daga baya wani tsohon ma'aikaci ya damƙa masa sandar saurare. Doguwar sandar ƙarfe ce mai kan katako, a dafa tsininta a ƙasa ko a kan bawul, wato makunnin bututu, a kara katakon a kunne. Bututu mai lafiya gurnani yake yi a hankali, wanda ya fashe kuwa tsaki yake ja. Shekara talatin da ɗaya Baba Kunne yana bin wannan tsaki titi-titi. Da shi ya aurar da 'ya'ya uku, da shi ya gina ɗakuna biyu da falo. Ba a taɓa jin ya sa an haƙa rami a banza ba, kuma shi ma ba ya bari a manta da haka.

Saura wata huɗu ya yi ritaya kamfani ya kawo ƙirƙirarriyar basira. Aka liƙa ƙananan na'urori a manyan bututu suna auna ƙarfin ruwa, suna aika wa kwamfutar da ke ofishin Injiniya, wata matashiya mai saurin magana da ba ta fi sa'ar autarsa ba. Kwamfutar ta haddace taswirar bututun gari kaf, tana magana, tana amsawa, ga ta da tambaya kamar ɗan jarida. Kafin mako ya zagayo ma'aikata sun raɗa mata Tambayau.

Kowa ya zaci Baba Kunne zai yi fushi. Ai kuwa ya shigo da fuska a murtuke, har ya ƙi zama. Injiniya ta ce, “Baba, ga wurare uku da Tambayau ke zargi. Shi ba shi da ƙafa, ba shi da kunne. A taimaka a duba mana.”

Ya je. Biyu yoyo ne na gaske, na ukun injin niƙa ne ke girgiza ƙasa. Da ya dawo ya faɗa, yana jiran musu, sai Tambayau ya ce, “Na gode, Baba. Yaya ake bambanta ƙarar injin da ta yoyo?” Tun da yake aiki ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya jawo kujera, ya yi bayani har shayinsa ya huce.

Daga ranar aiki ya koma masa sabo. Da, sai ya taka titi goma kafin ya sami yoyo ɗaya. Yanzu Tambayau ya nuna titi, shi kuma ya nuna taku. A wata guda suka toshe abin da a da sai a shekara. Yana dawowa gida bakinsa ba ya rufuwa, tun daga ƙofa yake fara ba da labari.

Matarsa ta ce, “Malam, kai da aka ce an kawo abin da zai kore ka?”

“Wa zai kore ni? Yaron nan kai gare shi, ladabi gare shi. Ƙafa ce kawai Allah bai ba shi ba.”

Ana cikin haka ruwa ya ɗauke a unguwar bayan kasuwa. Famfo sai huci, ko ɗigo babu. Tambayau ya ce ruwa mai yawa na zurarewa a wani wuri tsakanin mahaɗar kasuwa da makarantar firamare. Taswira ta nuna bututun ya bi babban titi ɗoɗar. Aka tura Baba Kunne, ya bi titin da sandarsa, ya dawo ya ce bai ji komai ba. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ya san ba zai ji komai ba, don babu bututu a ƙarƙashin titin nan.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, shi ne shugaban leburorin da suka shimfiɗa layin. Suna cikin haƙa suka ci karo da dutse, damina ta matso, mai duba aiki kuma yana kwance asibiti. Sai ya karkatar da bututun ya bi ta wani fili, ya dawo da shi hanya kusa da makaranta. Ya cika takardar canji da zai kai ofishin zane, ya sa a aljihu, matarsa ta wanke rigar. Ya ce gobe zai sake cikawa. Goben ta zama wata, watan ya zama shekara, aka ƙara masa girma, aka fara kafa misali da shi. Daga nan kunya ta rufe masa baki.

Yanzu filin nan ya zama layin shaguna: masu walda, kafintoci, masu niƙa, ko'ina an dandaɓe da siminti. Sau biyu yana zagawa a ɓoye da sandarsa. Tsawon wurin ya fi taku ɗari biyar, ga hayaniya, kunnensa bai kama komai ba. A karon farko a rayuwarsa ya ji ya tsufa.

A rana ta tara da ɗaukewar ruwan, ya wuce ta ƙofar makarantar ya ga an sallami yara tun hantsi don ba ruwa a banɗaki. Mata sun jera jarkoki a bakin titi suna jiran tanka. Wata tsohuwa ta gane shi ta ce, “Alhamdu lillahi, tunda kai aka turo mun huta.” Maganar ta soke shi, ya ƙara sauri.

Da ya isa ofis ya tarar da taro. Manaja ya gaji da ƙorafi, ya ce gobe da safe katafila za ta fasa kwaltar babban titi daga farko har ƙarshe. Injiniya ta ce a ɗan saurari Tambayau tukuna.

Tambayau ya ce, “Ban ba da shawarar a fasa ba. Lissafina bai dace da taswirar ba. Ruwan yana yin tafiyar da ta fi wadda aka zana tsawo. Ko dai na'urorin sun yi kuskure, ko zanen. Ni ban ga lokacin da aka binne shi ba. Akwai wanda ya gani?”

Baba Kunne ya sunkuyar da kai. Ya tuna liyafar ritayar da ake shirya masa, da jawabin da ya san za a yi. In ya yi shiru, za a fasa titi, a rasa bututu, a ɗora wa na'ura laifi, shi ya fita da sunansa fes. Unguwa kuma ta ƙara mako ba ruwa.

Ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na binne shi, kuma ba nan yake ba.”

Ya faɗi komai, har da wankin rigar. Wani ya ƙunshe dariya. Manaja ya cire tabarau ya daɗe yana kallonsa. Injiniya kuwa tuni ta juyo masa da fuskar kwamfuta, ta ce, “Baba, zana mana da yatsa.”

Ya sa yatsa ya ja layi: daga mahaɗa, a karya hagu, a bi bayan shaguna, a dawo ta gefen makaranta. Kafin ya sauke hannu Tambayau ya ce, “Yanzu lissafi ya zauna. A duba tsakanin shagon kafinta na biyu da kwalbati, taku arba'in ne.”

Taku arba'in wasa ne a wurin Baba Kunne. Ya riga kowa shiga mota. Injiniya ta bi shago-shago tana roƙon a kashe injina na minti goma, masu walda suka ajiye aiki suka fito kallo. Ya dafa sanda, ya matsa, ya sake dafawa. A dafawa ta bakwai ya ji shi, tsaki siriri a ƙarƙashin siminti. Ya buga ƙafa ya ce, “Nan.”

Diga ta huɗu ƙasa ta fito jiƙe, ta shida ruwa ya yi tsiri sama ya jiƙa shi sharkaf. Layin ya kaure da shewa, kafinta ya rungume shi da jiƙaƙƙiyar rigarsa. Kafin la'asar an ɗaure bututun, famfon makaranta ya yi tari ya kawo ruwa. Baba Kunne yana dariya, idonsa na zuba, ba wanda ya gane saboda dama a jiƙe yake.

Duk da haka, washegari da nauyin ƙafa ya taho ofis, yana tsammanin takardar tuhuma. Yana shan kwanar baranda ya ga layi a ƙofar Injiniya. Tsofaffin ma'aikata ne su shida, kowa na kallon ƙasa. Direban tanka ya san wani bawul da aka binne a ƙarƙashin rumfa. Mai gyaran mita ya taɓa haɗa layi biyu bai rubuta ba. Kowa ya zo da nasa, suna jiran su zana da yatsa.

A ƙarshen layin Manaja ne tsaye, hannu a baya. Ya yi gyaran murya, bai yarda sun haɗa ido ba, ya ce, “Baba, lokacin da nake ƙaramin injiniya akwai wani bututu a bayan asibiti. In na shiga, ka tsaya kusa da ni.”